Hattara da mai tallar amfilifaya "ta Beljiyam" a Facebook

Jama'a, ina so in ja kunnenku game da wani mutum da ke tallar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da sifiku a Facebook da WhatsApp, yana cewa kayan Beljiyam ne, daga jirgi sai shagonsa. Naira dubu 110 ya ci mini a karo biyu, kuma a wurin mai gyara na tarar da irin tawa guda biyu a jingine, duk daga hannunsa.

Mahaifina na saya wa. Idonsa ya yi rauni, ba ya iya duba Alƙur'ani da kansa, saboda haka sauraren karatu da tafsiri bayan Isha ne abin da ya fi so. Na ce bari in samo masa abin da zai fitar da murya tas.

A shagon, mutumin ya haɗa ta da manyan sifiku ya ƙure murya. Janareta na ruri a bakin ƙofa, maƙwabtansa su ma kowa ya saki nasa kiɗan. Na ɗaga ta na ji nauyi, na ga sunan wani babban kamfanin Japan a goshinta, an kuma rubuta wat 3000 da manyan haruffa. Na biya dubu 95.

Da dare, gida ya yi tsit, na kunna. Duk inda mai karatu ya tsaya ya ja numfashi, sai ka ji shuuu ta cika ɗakin, ƙarƙashinta kuma wani gurnani mara yankewa. Baba ya juyo ya ce, "Wai ruwa ake yi a waje?" Na rage murya har ƙasa, hucin yana nan yadda yake.

Da na kira mutumin sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wutar gidanka ce ba ta da kyau. Akwai na'urar tace wuta, dubu 15 ce, ka saka ta shi ke nan." A nan ne cutar ta fi yi mini ciwo, domin ya san abin da ya sayar, ya kuma tanadi tarko na biyu yana jiran wanda zai dawo da kuka. Na saya, ban ga canjin komai ba. Bayan haka ya daina ɗaga wayata.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ne ya kwance mini su duka. Akwatin tace wutar babu komai a ciki sai waya da ta shiga ta fita, da ɗan ƙwan fitila ja, da dunƙulen siminti. A cikin amfilifayar kuma an ɗaure farantin ƙarfe da kusoshi don ta yi nauyi, taransfomar kuwa ba ta kai dunƙulen hannun yaro ba. Ya sa filaya ya ɓare wata babbar kafasita, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta, mai rubutun 10,000 na yawan wutar da take iya tarawa, sai ga 'yar ƙarama a ɓoye a cikin gwangwanin. Ya ce, "Malam, ga mai yi maka gurnani." Sannan ya juya bayanta ya nuna mini inda aka rubuta wutar da take ja: wat 60. Abin da ke jan wat 60 ba zai yi ta ba sifika wat 3000 ba. Irin wannan lambar ta wat 3000, da ake liƙa wa haruffan PMPO, ta talla ce kawai. Wadda ake dubawa ita ce ta RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa ba yankewa.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, babu amfilifayar da ba ta da huci ko kaɗan. Tun 1928 wasu masana biyu a Amurka, Johnson da Nyquist, suka bayyana cewa ɗumin da ke jikin kayan lantarki shi kansa yana haifar da wannan ƙara. Amma a na'ura mai kyau sai ka kai kunne dab da ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti kafin ka ji shi. In kana jinsa daga kan kujera, akwai matsala. Gurnani kuwa daban yake. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma aikin manyan kafasitocin nan ne su lallashe ta kafin ta kai ga sauti. In na bogi ne, ko sun tsufa, sai ta ɓullo ta sifika. Wani lokacin kuma haɗa na'urori da yawa ne, kamar talabijin da dikoda, ke jawo shi, shi ya sa ake cire komai kafin a yanke hukunci.

Har takarda mai tallar ya ba ni mai cewa tazarar da ke tsakanin sauti da hucin ta kai desibel 100 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Ko a kaya na gaskiya sai an tambayi a wane ƙarfi aka auna, domin desibel 100 a kan wat 100 daidai yake da desibel 80 a kan wat 1, kuma kusa da wat 1 ɗin ne mutum ke saurare a ɗakinsa da dare.

In za ka saya, ka ce a kashe kiɗa. A cire duk wayoyin da ke shigar da sauti, a bar sifiku kaɗai, ka saurara a wuri mai shiru, murya a ƙasa, sannan a ɗaga ta a hankali. Ka duba bayanta ka ga wutar da take ja. Ka tafi da mai gyaran da ka yarda da shi, kuma a rubuta maka a rasit cewa za ka iya dawo da ita in ka gwada a gida. Wanda ya ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka riƙe kuɗinka. Ni ban karɓi rasit ba, sai shaidar tura kuɗi ta banki da hirarmu ta WhatsApp, kuma su na haɗa zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.

Har yanzu tallarsa na yawo, ya canja sunan shafin amma hotunan su ne dai, har da jan kyallen da yake shimfiɗawa a ƙarƙashin kayan. Baba ya koma kan 'yar rediyonsa mai batir.