Hattara da masu sayar da gyaɗa da kilo suna awo da tiya

Ƴan uwa mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Maraɗi, Tibiri da Madarunfa, a kula. Akwai dillalan da ke tallar ɓararriyar gyaɗa a WhatsApp, su faɗi farashi a kan kilo, su karɓi kafin alƙalami, amma ranar kawo kaya ba sikeli a wurin, sai tiya. Su ce ai kowa ya san tiya kilo biyu da rabi ce, tiya 40 buhun kilo 100 ke nan.

Wannan lissafin na hatsi ne. Hatsi ƙanana ne, suna cike kowane lungu na kwano. Gyaɗa kuwa tana barin sarari tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ga mai a jikinta, shi ya sa lita guda ta ɓararriyar gyaɗa busasshiya ba ta wuce giram 600 zuwa 650 ba. Tiyar da ke ɗaukar kilo biyu da rabi na hatsi, kusan kilo 2 kawai za ta ɗauka na gyaɗa. Tiya 40 ta zama kamar kilo 80. Kin biya kuɗin 100, an cinye miki 20, kuma ba za ki gane ba sai kin matse mai kin ga bai kai ba.

Ga yadda za ki kama su. Ki cika tiyar mai kayan da ruwa, ki juye a gorar lita ki ga lita nawa ta ci, sai ki lissafa giram 630 a kowace lita. Ki kife tiyar ki duba gindinta, wasu suna bubbuga shi ya shige ciki. Ki kuma tsaya a kan magana ɗaya tun farko: awon shafe ne ko mai tozo, don a nan ma ana ɓata da yawa. 

In kin matsa sun kawo sikeli, kada ki saki jiki. Ki fara ɗora gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, allura ta tsaya a kilo ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya.

Mafi muni su ne masu yayyafa wa gyaɗa ruwa da dare don ta yi nauyi. Busasshiya tana yin ƙara in an girgiza ta, tana karyewa ƙas a haƙori. Mai danshi tana lanƙwasa, kuma cikin ƴan kwanaki za ta yi fumfuna, wadda gubarta ke lalata hanta, suya ma ba ta kashe ta. Ki zura hannu har gindin buhu, can ake ɓoye tsakuwa da ɓawo. In mai ɓawo ce kika saya, kilo 10 zai ba ki kamar kilo 7 bayan ɓara.