Tsarin Communities na WhatsApp Ya Rage Hayaniya, Amma Bai Iya Adana Ilimi Ba

A watan Nuwamba na shekarar 2022 ne kamfanin Meta ya ƙaddamar da tsarin Communities, wato na haɗa zaurukan hira da dama wuri ɗaya, a manhajar WhatsApp, kuma a lokaci guda ya ɗaga adadin mutanen da zaure ɗaya zai iya ɗauka zuwa 1,024, bayan an daɗe ana taƙaice shi ga mutum 256 kafin a mayar da shi 512 a cikin shekarar. Ina daga cikin masu kula da wani zauren masu kiwon kaji da ya fara da 'yan tsirarun abokai har ya kai ɗaruruwa, kuma a kan wannan aiki ne na auna tsarin, domin tambayar da ta dame ni ita ce ko zai iya riƙe mutane su ci gaba da magana bayan yawansu ya wuce a san juna.

Matsalar zauren da ya girma sananniya ce ga duk wanda ya taɓa riƙe shi. Wani ya tambayi lokacin da ya dace a yi wa 'yan tsaki rigakafin cutar kaji ta Gumboro, kafin likitan dabbobi ya gani an binne tambayar da gaisuwar Juma'a, da tallan kiret ɗin ƙwai, da hotunan ɗaurin aure. Masu ilimin da aka kafa zauren dominsu su ne kan fara kashe sanarwarsa, kuma da zarar sun yi shiru sai saura su bi sahu.

A nan tsarin ya yi abin a yaba. Yana ba da damar a tara zauruka da dama a ƙarƙashin inuwa ɗaya, tare da zauren sanarwa wanda masu kulawa kaɗai ke aika saƙo a cikinsa. Mun raba namu zuwa na lafiyar kaji, na saye da sayarwa, na farashin masara da waken suya, da kuma na zumunci, kowa ya shiga wanda yake bukata. Rabon nan ya dawo mana da mutanen da muka ɗauka sun tafi, musamman mata masu kiwo a cikin gida, waɗanda suka fi sakin jiki su yi tambaya a ƙaramin zaure fiye da gaban taron ɗaruruwan maza. Ƙuri'ar jin ra'ayi, wadda ta zo tare da tsarin, ta yi amfani fiye da yadda na zata, domin mutumin da bai taɓa rubuta kalma ba yakan danna zaɓinsa idan aka tambayi wane abincin kaji ne ya fi masa, kuma sau da yawa daga nan bakinsa yake buɗewa. Ikon da aka ba masu kulawa na share saƙon da bai dace ba daga wayar kowa, da na tantance mai neman shiga kafin a karɓe shi, ya rage mana 'yan damfara masu tallan jarin bogi.

Inda tsarin ya gaza shi ne adana abin da aka riga aka faɗa, kuma a ganina wannan ba ƙaramin rauni ba ne. Wanda ya shigo yau ba ya tarar da tattaunawar shekarun baya, saboda haka zai sake tambayar abin da aka amsa tun bara, tsofaffin mambobi su gaji da maimaici, shi kuma ya ɗauki shirunsu a matsayin wulaƙanci. Saƙon da aka maƙala a saman zaure bai wuce guda uku ba, kuma mafi tsawon wa'adinsa kwana 30 ne. Abin ya fi tsanani ga masu magana da Hausa, domin mafi yawan bayani mai nauyi da saƙon murya ake yin sa, kuma akwatin bincike ba ya tono abin da ke cikin murya. Bayanin minti goma da wani gogaggen mai kiwo ya yi kan alamomin murar tsuntsaye yakan ɓace kamar hatsin da aka zuba a rumbu mai huji. Ga kuma cikar waya da hotuna da bidiyo, wadda ke sa masu ƙananan wayoyi su share komai, har da abin da ya kamata su ajiye.

Akwai batun sirri ma. A zauren sanarwa lambar wayar mutum a ɓoye take ga sauran mambobi, amma a ƙananan zaurukan kowa yana ganin ta kowa, kuma mun rasa mata masu himma saboda saƙonnin da baƙi suka riƙa aika musu ta bayan fage.

Telegram, wanda shi ma manhajar aika saƙo ne irin WhatsApp, ya fi tsarin Communities a fannin adana bayani nesa ba kusa ba. Zaurensa yana ɗaukar mutum har 200,000, ana iya barin sabon shiga ya karanta tarihin zaure tun daga farko, fayiloli suna zaune a rumbun kamfanin maimakon cikin waya, kuma ana iya ƙayyade tazarar lokaci tsakanin saƙonnin mutum ɗaya don kada ya mamaye fili. Sai dai jama'armu a WhatsApp suke kwana suke tashi, kuma na ga zaurukan da suka yi ƙaura zuwa can suka koma kufai, domin mutane ba sa buɗe manhajar sai an tuna musu.

Saboda haka ina ba duk zauren da ya haura mutum ɗari biyu shawarar ya koma tsarin Communities, da sharaɗin ya naɗa wa kowane ƙaramin zaure mai kulawa wanda ya san fannin, ya kuma ware mutum guda da zai riƙa rubuta muhimman amsoshi a takarda ɗaya duk ƙarshen mako. Mu takardar tamu muna sanya ta a zauren sanarwa ranar Asabar, kuma ita ce abu na farko da ake tura wa duk wanda aka karɓa, tare da roƙonsa ya faɗi garinsu da irin kajin da yake kiwo.