Wata uku da faiba, a idon wanda ya sha wahalar modem

Ni da na fara shiga intanet ta layin wayar girke, ba na cikin masu raina gudu. Modem ɗina na farko, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin waya, irin mai gudun kilobit 56 a daƙiƙa ne, wanda ya yaɗu bayan an amince da tsarin V.90 a 1998. A kwali ne kawai ake ganin 56 ɗin. Idan ya gama kukansa da ƙugin nan ya haɗu, abin da nake samu bai cika wuce 44 ko 46 ba, wato kusan kilobait 5 a daƙiƙa. Har yau ina jin zafin daren da na zauna sauke manhaja mai megabait 40, na jira sama da awa biyu, saura ƙiris wani ya ɗaga kan waya a falo, layi ya katse, komai ya koma farko.

Shi ya sa da aka ja mini faiba, wato layin intanet na zaren gilashi, mai megabit 500, na ɗauka kuka ya ƙare. Ai kuwa ranar farko da na gwada gudun, sai na ga megabit 94. Na sake da dare, 94. Da asuba ma 94, ko motsi ba ya yi. Na kira kamfanin ya fi sau biyar, kullum amsa ɗaya: Alhaji, a kashe na'urar a kunna. Wata ma'aikaciya har ce mini ta yi ai 94 ma gudu ne sosai. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai. Na sani gudu ne, ya ninka tsohon modem ɗina fiye da sau 1,600. Amma ba shi na saya ba, kuma kuɗin 500 suke karɓa cif.

Sai da aka yi mako biyu kafin su turo mutum. Yaron kirki, ya san aikinsa. Yana jin lambar ya ce, Baba, matsalar ba daga gilashin take ba. Ya zare igiyar da ta haɗa akwatin faiba da rauta (na'urar da ke rarraba intanet a gida), wadda abokan aikinsa suka saka da hannunsu. Ashe igiyar silli takwas ne a cikinta, kuma sai duka takwas suna aiki ake samun gigabit, wato megabit 1,000. Ɗaya bai kama ba, sai na'urorin suka sauko megabit 100, wanda bayan an cire abin da tsarin kansa ke ci yake komawa 94. Ya canza igiya, minti biyu, allo ya nuna 480 da wani abu.

A daren na ɗora bidiyoyin iyali na gigabait 6 da na daɗe ina son adanawa. Kafin in gama amsa wani saƙo sun shige. Na ɗauki biro na yi lissafi: tsohon modem wajen aikawa iyakarsa kilobit 33.6 ne, to da zai kwashe kwana 17 ba dare ba rana, in har ba wanda ya taɓa waya. Wallahi na jima zaune ina kallon allon. Kuma ba laifin modem ba ne. Layin jan ƙarfe an yi shi ne don muryar mutum, daga hertz (ma'aunin kaɗawar sauti) 300 zuwa 3,400, ta wannan ƙaramar kafa ake cusa komai. Faiba haske ne ke bi ta cikin zaren gilashi wanda tsakiyarsa ba ta kai kaurin gashin kai ba. Masanin kimiyya Charles Kao ya nuna tun 1966 cewa in aka tace gilashi haske zai yi nisa a cikinsa, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2009. Kiran bidiyo ma yanzu babu jinkirin nan da kake magana sai ka jira amsa.

Da a nan aka tsaya da na ce kowa ya saka. To amma a wata na biyu zaren ya karye a kusurwar bango inda suka lanƙwasa shi da yawa, jan fitila ta kama a akwatin. A da idan wayar jan ƙarfe ta tsinke, da kaina nake fere bakinta in murɗa in naɗe, aiki ya ci gaba. Wannan sai da injin da ke narka gilashi ya haɗa, kuma su kaɗai ke da shi. Kwana huɗu ina jira, aikina ya tsaya cak, babu wanda ya kira ya ba ni haƙuri, kwanakin ma ba a cire mini su a lissafi ba. Kuɗin makonni biyun farko kuwa, da nake samun 94 maimakon 500, na rubuta musu a kansa sau biyu, har yanzu shiru.

Ba zan cire layin ba, don gudun gaskiya ne. Amma ranar da za su zo saka maka, kada ka bar su su fita sai ka haɗa kwamfuta da igiya ka ga lambar da idonka, ka kuma bi zaren kusurwa-kusurwa.