Afdet ɗin na'urar ajiyarmu ya bar mu da kaset babu komai har sati uku

Gaskiya ban so rubuta wannan ba don mutumin da ya sayar mana da kayan mun daɗe tare, amma abin ya tsaya min a rai. Muna da sutudiyon ɗaukar bidiyon biki a nan Kaduna, ayyukanmu duka suna kan NAS, wannan akwatin mai faifan ajiya (hard disk) shida da kowa a ofis ke jawo fayil daga ciki, sannan kullum da dare wata tsohuwar kwamfuta mai Linux tana kwashe sabon aiki ta zuba a kaset ɗin ajiyar bayanai samfurin LTO-7, wato bakof. Kaset ɗaya na cin terabyte 6. Shekara huɗu muna haka lafiya lau.

Sai ranar nan saƙo ya fito wai akwai sabuwar manhajar NAS, wato afdet. Na kira mai sayarwar na ce Oga in danna? Ya ce danna kawai ba abin da zai taɓa. Na danna, ta sake tashi, kowa ya ci gaba da aikinsa, kullum da safe ina duba allon bakof ina ganin koren alama, an gama lafiya. To me zan zarga?

Bayan sati uku wata Hajiya ta zo daga Unguwar Rimi tana son a ƙara mata kwafin bidiyon kamun 'yarta, dangin ango sun nema. Mu kuma mun riga mun goge shi daga NAS don samun fili tunda ai yana kaset. Na sa kaset ɗin, injin ya ja shi ya yi ɗan kukansa, na buɗe jerin abin da ke ciki, sunan folda ne kawai, ciki wayam. Na sa na jiyansa haka, na shekaranjiya haka. Wallahi sai da na ji ƙafata ta yi sanyi, Hajiya na zaune kan kujera da jakarta a cinya tana cewa ɗana lafiya dai? Na ce lafiya Hajiya, ki ba mu zuwa jibi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda suka yi da na kira su. Yaron da suka turo ko log, wato rahoton aikin bakof, bai buɗe ba, ya shafa saman injin da yatsa ya ce ƙurar hunturu ce, ya sa kaset ɗin wanke kan injin har sau biyu alhali injin bai nuna alamar yana so ba, kuma kaset ɗin wankin nan kusan sau 50 kawai yake yi ya ƙare. Washegari ya dawo ya canza wayar SAS da ke haɗa injin da kwamfuta, muka biya. Da abin ya ƙi sai ogan da kansa ya ce injin ya tsufa mu sayi sabon samfuri, LTO-8. Ko da na saya fa ba abin da zai canza, don matsalar ba a wurin take ba sam.

Ƙanin matata ne da ke aikin kwamfuta ya zo da yamma, minti ashirin bai yi ba ya ce Yaya zo ka gani. Aikin da ke ɗaukar awanni da dare, tun ranar afdet a ƙasa da minti biyu yake ƙarewa, abin da aka rubuta sifili. Ashe sabuwar manhajar ta kashe SMB1, tsohuwar hanyar da kwamfutar ke bi ta shiga NAS, sai haɗin ya daina kamawa, foldar da ake jingina shi a kai ta zama fanko, manhajar bakof kuma ta kwafi fankon ta ce ta yi nasara. Layi ɗaya ya gyara a fstab, fayil ɗin da ke gaya wa kwamfutar yadda za ta haɗu da NAS, ya mai da vers=1.0 zuwa 3.0, a daren injin ya kwana yana rubutu.

In don kashe SMB1 ne ban ga laifin masu NAS ɗin ba, ƙanin matata ya gaya min ta nan muguwar manhajar nan WannaCry ta bi ta cinye kwamfutocin duniya a 2017, gara a rufe. Akwatin ma bai taɓa ba ni kunya ba, ko an ɗauke wuta ya dawo yana tashi lafiya. Amma kuma abu mai girma haka sai a binne shi can ƙasan dogon bayani da Turanci, ba za a fito da shi ƙarara kafin mutum ya danna ba? Shi kuma mai sayarwa shi ya haɗa mana tsarin da hannunsa, ya san da me kwamfutar ke shiga, ya ce min danna kawai.

Bidiyon Hajiya Allah ya taimake mu mun same shi a laftof ɗin mai tace mana hoto. Na wata walima da muka ɗauka a Kawo kuwa ya tafi, katin kyamarar ma an riga an goge an yi wani aikin a kai. Na je gidan da kaina na gaya wa Alhajin, ya yi shiru ya ce mahaifiyarsa na cikin bidiyon kuma ba ta da lafiya yanzu. Kuɗin wayar SAS ɗin ma har yau ba su dawo min da shi ba, na kira sau uku.