Squier Affinity Stratocaster: sassan da suka cancanci a canza, da waɗanda gara a bar su

Squier reshe ne na kamfanin Fender, kuma tun 1982 ake fitar da jitoci masu araha da wannan suna. Samfurin Affinity Stratocaster, jita mai amfani da lantarki da ake haɗawa a Sin da Indonesiya, yana cikin waɗanda masu koyo suka fi saya, sabo ko na hannu. Hukuncina a kansa shi ne: wuyan yana da kyau, katakon jikin ba laifi, tsawon tsirkiya kuma milimita 648 ne kamar na babbar Fender. Inda kamfanin ya rage kuɗi shi ne ƙananan ƙarafa da kayan lantarki. Saboda haka jita ce da ta cancanci gyara, amma fa sai an bi tsari, kuma sai an auna kafin a sayi komai.

Kada a fara da sayayya, a fara da saiti. A sa sababbin tsirkiyoyi, a danne ta ƙasa mai kauri a firet (sandunan ƙarfe da ke gicciye a kan wuya) na 1 da na ƙarshe, a duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 8. Ana son kamar milimita 0.25, filagejin makanikai, wato siraran ƙarafan auna tazara, zai nuna. Idan ta yi yawa, a ɗaure sandar cikin wuya da alanki, rubu'in zagaye kawai, a jira wuyan ya zauna kafin a ƙara. Sannan a daidaita tsayin tsirkiya zuwa kusan milimita 1.6 a firet na 17, a gyara tsawon kowace har muryar firet na 12 ta yi daidai da ta buɗaɗɗiyar tsirkiya. Yawancin kukan da ake yi da wannan jita a nan yake ƙarewa. A ƙasarmu akwai ƙarin matsala: da hunturu katakon wuya yana bushewa ya tsuke, bakin firet ya fito yana yankar hannu. Ƙaramin magagari da salatif na takarda don kare katako sun wadatar.

Abu na farko da ya cancanci kuɗi shi ne nat, ɗan farin abin nan mai tsagi shida da ke saman wuya. A tsofaffin Affinity roba ce, tsagin kuma sau da yawa ya matse. Alamar a fili take: kana ɗaure tsirkiya sai ka ji "ƙis", murya ta yi tsalle, ko ka taɓa sandar girgiza sauti, wadda ake dannawa don sassauta tsirkiyoyi, jitar ta ƙi komawa daidai. Mutane da yawa maɗauran tsirkiya suke ɗora wa laifin, alhali ba su ba ne. Nat ɗin TUSQ XL na kamfanin Graph Tech yana magance wannan, haka ma ƙashin saniya idan an sami mai iya sassaƙa shi. A auna faɗin wuya tukuna, domin na tsofaffi bai kai milimita 41 ba, na baya-bayan nan kuwa 42 ne, a kuma duba ko ƙasan ramin a miƙe yake ko a lanƙwashe. Wajen cire tsohon, a bi gefensa da reza don kada fenti ya ɓantare, a buga shi a hankali ta gefe. Sabon kuma ta ƙasa ake goge shi da samfefa, kaɗan-kaɗan ana gwadawa. In an wuce gona da iri, buɗaɗɗun tsirkiyoyi za su riƙa gogar firet na farko, kuma sau da yawa sai an sayi wani. Ɗigo biyu na gam ya isa, saboda wata rana za a so cire shi.

Su maɗauran tsirkiya, a ganina ana yi musu rashin adalci. Ba su da santsin juyawa kamar na Gotoh, amma suna riƙe murya idan nat ya gyaru kuma an naɗe tsirkiya zagaye biyu zuwa uku ba tare da hawa kan juna ba. Wanda yake son masu kulle tsirkiya don saurin canji, ya auna ramin kan jitar, yawanci milimita 10 ne, ya kuma duba yadda ake kafe su ta baya. Hipshot suna da faranti da ke riƙe su ba tare da sabuwar huda ba, shi ya fi sauƙi.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kai tare da dunƙulen da ke ƙarƙashinsa. Kaurin jikin Affinity kusan milimita 40 ne, na Fender kuwa kusan 45. Dunƙulen asali siriri ne na zinki, kuma mai kauri na ƙarfe yana sa murya ta ɗan ƙara daɗewa. Amma wanda aka yi wa cikakken jiki zai leƙo ta baya, murfin bayan jitar ya ƙi rufuwa, sifirin da ke jan dunƙulen ya riƙa gogar riga. Dole a nemi gajere wanda aka ƙera don siririn jiki. Sai kuma tazarar sukurori shida: a jitocin Asiya kusan milimita 52.5 ce daga na farko zuwa na ƙarshe, a tsohon salon Amurka kuwa kusan 56. Ko an cike ramuka an sake hudawa, tsirkiyoyin gefe za su matso bakin wannan siririn wuya su riƙa zamewa. Samfurin da aka sabunta a 2021 ƙafa biyu jakinsa ke tsaye a kai, don haka mai sukurori shida ba zai hau ba sam. Gaskiya ribar wannan gyara ba ta kai wahalarsa ba. Wanda ba ya amfani da sandar girgiza, ya ƙara sifirin su zama biyar, ya ɗaure jakin ya kwanta a jikin katako, ya huta.

Kayan lantarki kuwa sun cancanci kulawa, musamman soket ɗin da ake cusa waya. Na asali yana saurin kwancewa, yana juyawa har ya tsinke wayoyin ciki. Na Switchcraft ba shi da tsada kuma yana daɗewa. Fot, wato abin juyawa na ƙara ko rage sauti (bolum) da na gyara kaifinsa (ton), ƙanana ne, ƙura na shiga su fara ƙarar ƙaiƙayi. Idan za a sa na CTS, a ɗauki 250k don fikof (abin maganaɗisu da ke ɗaukar sautin tsirkiya) mai naɗi ɗaya, 500k don mai naɗi biyu, da kafasita mai maikurofarad 0.022 ko 0.047. Wuyansu milimita 9.5 ne, sai an faɗaɗa ramukan farantin gaba, kuma tsofaffin murafan juyawa ba za su shiga ba: na asali haƙora 18 gare su, na Amurka 24. In aka tilasta, kan fot ɗin zai karye. Makunnin zaɓin fikof mai matsayi biyar na CRL yana da zurfi, a siririn jiki yana iya taɓa ƙasan rami, don haka a auna zurfin. Wajen like da dalma a bayan fot, ƙarfe mai wat 40 ya fi, a kankare wurin a gama da sauri, domin zafi mai tsawo yana lalata cikinsa.

Ga masu kiɗa da wutar janareta ko a ɗakin da soket ba shi da wayar ƙasa, lulluɓe ramukan ciki da salatif na jan ƙarfe ya fi sabon fikof amfani. A nemi mai gam da ke wuce wuta, a ɗora kowane yanki kan ɗan'uwansa, a gwada da mita cewa duk sun haɗu, sannan a haɗa su da bayan fot. A tabbata wayar da ke zuwa maƙalar sifirin ba ta cire ba. Kuskuren da aka saba yi shi ne barin jan ƙarfen ya taɓa harshen soket ko ƙafar makunni, sai sauti ya ɗauke gaba ɗaya. Wannan aiki yana rage tsaki da hayaniyar fitilu, amma gurnanin wuta mai zagaye 50 ba zai tafi duka ba, halin fikof mai naɗi ɗaya ne. Matsayi na 2 da na 4 na makunnin zaɓi ne ke kashe shi, idan fikof na tsakiya an naɗe shi a juye.

Fikof shi ne na ƙarshe. Na asali suna da maganaɗisun seramik a ƙasa, muryarsu da ƙarfi da ɗan kaifi. Masu maganaɗisun alniko, irin Tex-Mex na Fender ko na Tonerider, sun fi taushi da fayyace kowace tsirkiya, kuma ana jin bambancin ne idan amfilifaya mai kyau ce. A kan ƙaramar amfilifayar koyo, kuɗin ya fi amfani a wajen canza ita kanta. In an sa su, a danne firet na ƙarshe a bar tazarar kusan milimita 2.4 tsakanin fikof da tsirkiya a gefen kauri da 2 a gefen siriri. Idan suka matso fiye da haka, maganaɗisu zai riƙa jan tsirkiya, murya ta riƙa rawa, saiti ya ƙi zama. A adana duk tsofaffin sassan, domin ranar sayarwa mai saye kuɗin Squier zai biya, sababbin kuwa ana iya mayar da su kan wata jitar.