Jinga ko kuɗin aiki: yadda za ka zaɓi mai aikin famfo

Kafin ka tambayi falamba nawa zai karɓa, fara yanke irin cinikin da za ku yi, domin a nan ake cin riba ko a tafka asara. Hanya biyu aka fi bi: ko ka ba shi jinga, kaya da aiki duka a wuyansa, ko ka sayo kaya da kanka ka biya shi kuɗin hannu kawai. Biyan yini kuwa sai ƙaramin gyara, kamar canza kan famfo ko buɗe sinkin da ya toshe. A babban aiki, wanda ake biya da yini ba ya sauri.

Jinga tana hutar da mai gida, amma ribar ma'aikaci tana cikin abin da ya rage daga kuɗin kaya. Shi ya sa wanda ya fi kowa sauƙin farashi yakan sa siririn bututun PVC na ruwan datti a inda ya kamata a sa mai kauri na matsin ruwa, ko ya rage makullan ruwa. Araha ba ta ado, balle wadda za a binne a bango a rufe da tayil. In jinga za ka bayar, a rubuta sunan kowane kaya, girmansa da yawansa a takarda.

Sayen kaya da kanka ya fi, in kana da lokaci. Ka karɓi lissafin kayan daga wurin falamban, ka zaga shaguna biyu ko uku a Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Dei-Dei in kana Abuja. Illarsa ɗaya: duk abin da ya lalace daga baya zai ce kayanka ne ba su da kyau.

Gwaninta kuwa a tambaya ake gane ta. Ka ce masa, “Malam, wane bututu za ka sa wa hita?” Wanda ya san aiki zai ce PPR, wannan koren, mai lamba PN20 da ke nuna ƙarfin jure matsin ruwa, domin PVC ba ya jure ruwan zafi. Shi PPR ba a sa masa gam, narka shi ake yi da na'ura mai zafin kusan digiri 260. Bututu mai faɗin milimita 20 daƙiƙa 5 yake buƙata a kan na'urar, mai 25 daƙiƙa 7. In aka bar shi ya wuce haka, robar takan taru a ciki ta matse hanyar ruwa, daga waje kuma ba a gani. Sai an tare a gidan a ga shawa tana ɗigo. Ka nemi ya haɗa guntu biyu a gabanka, ka ɗaga ka leƙa cikin. Bututun ƙarfe na da can ya fi dacewa da waje, inda ake taka shi ko rana ke dukansa, amma yana tsatsa daga ciki.

Sai magudana. Masai inci 4 yake so, sinki da wurin wanka inci 2 ya isa. Gangara ta zama kamar santimita 2 da rabi a kowace mita. In ta gaza haka datti ya kwanta. A tambaye shi kuma ina zai fitar da bututun shan iska zuwa saman rufi. Rashinsa ne ke zuƙe ruwan da ke tare wari a masai, sai banɗaki ya dinga tashi duk wankin da aka yi.

Tanki ma a duba. Lita 1,000 nauyin tan ɗaya ne, kada a ɗora shi a kan siraran ƙarafa. Ƙarfin ruwa kuma daga tsayi yake zuwa, ba daga girman tanki ba. A kuma jawo babban layi da inci ɗaya, a rage girma sai an kusa kan famfo. Kowane banɗaki da makullin ruwansa.

Takardar shaida, irin ta gwajin sana'a daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ko ta hukumar jarrabawar sana'o'i ta NABTEB, tana taimakon mai neman aiki a kamfanin gini. A unguwa kuwa birkila da mai tayil da mai shagon kaya su ne ke kawo aiki, kuma su za ka tambaya, domin su ke ganin wanda ake fasa bango a bayansa. Ka kuma tabbatar wanda kuka yi ciniki da shi ne zai yi haɗin, ba yaransa kaɗai zai turo ba.

Kuɗi a raba shi uku: kafin alƙalami, sai bayan shimfiɗa bututu, ragowar bayan gwaji. Gwajin shi ne a toshe duk bakuna, a cika layi da ruwa, a bar shi ya kwana kafin a yi filasta. Da safe a bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda. Kafin birkila ya rufe, ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka, don ranar da za a kafa ƙusa a san inda bututu ya bi.