Kafin ka zuba kuɗinka a gwanjon tsofaffin takardu

Duk mai son shiga harkar tara kayan tarihi na takarda abu uku ne a gabansa, ko tsohuwar jarida, ko tsohon littafi bugun farko, ko rubutun hannu irin wasiƙun sarakuna da littattafan malamai na Larabci da ajami. Ni dai tun yanzu in faɗa maka, in kuɗin naka ba masu yawa ba ne to jarida za ka bi, kuma a jaridun ma Gaskiya Ta Fi Kwabo.

A Zariya aka fara buga ta cikin Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko, kuma da gaske kwabo ɗaya ake sayar da ita. Daga baya a 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya a Tudun Wada. In Allah ya sa ka samu fitowar shekarun yaƙin duniya na biyu ka riƙe ta a hannu wallahi sai jikinka ya yi sanyi, ga labarin yaƙi da Hausar da yanzu ba a yin irinta, ga wasiƙun masu karatu kowa da sunan garinsu, ga tallan kaya ana lissafi da sule da sisi. Ina da guda ɗaya da wani ya lissafa bashin gyaɗa da fensir a gefenta, ban taɓa gogewa ba kuma ba zan goge ba. Abin da ya sa na fi son jarida shi ne tana ɗauke da shaidarta a goshi, kwanan wata yana nan, lambar fitowa tana nan, farashi yana nan, in kana shakka sai ka ɗauki hotonta ka nufi Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna a gwada maka da abin da suke da shi. Sannan akwai ƙananan jaridun larduna na zamanin NORLA, hukumar buga littattafai da jaridu ta Jihar Arewa, a shekarun 1950, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, waɗannan in ka gani kada ka tsaya dogon ciniki, ba kasafai suke fitowa ba saboda yawanci an ƙunshe ƙosai da su ko gara ta cinye.

Littattafan Turawa kuwa, irin na tafiyar Barth, Bajamushen da ya ratsa ƙasar Hausa, na 1857 ko ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934, a gidajen gwanjon Landan su Sotheby's da Bonhams ko a intanet ake cin karo da su, da fam za ka biya, gidan gwanjon ya ɗora maka la'ada wajen kwata na kuɗin da aka sallama ko fiye, ga kuɗin aiko. Wannan na masu hali ne.

Rubutun hannu shi ne ya ƙona ni, shi ya sa nake jan kunne. Wani dillali ya kawo min wasiƙa wai ta wani sarki ce kafin zuwan Turawa, da hatiminta da komai, an saka ta cikin tsohuwar gafaka mai ƙanshin fata. Mu uku muke tayi, duk abin da na faɗa sai ɗaya ya ƙara, dillali na ta cewa albarka, zuciya ta ɗebe ni na kai kuɗin inda ban shirya ba, ashe sauran biyun mutanensa ne ƴan kore. Da na kai wa wani dattijon malami sai ya ɗaga ta a rana, ya shinshina, ya ce yaro wannan shayi ta sha aka kuma turara ta da hayaƙi. Kwana biyu ban iya cin abincin kirki ba, ba don kuɗin kaɗai ba, don na riga na ɗauka na ceto wani abu na kakanninmu.

Dattijon nan shi ne ya koya min abin da nake dubawa yanzu. Yawancin takardar da malamanmu suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19 daga Italiya take zuwa ta Sahara, in ka haska ta za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinta da siraran layuka. Amma kada wannan kaɗai ya ruɗe ka, ƴan damfara suna cire fallen da babu rubutu daga tsohon littafi su yi sabon rubutu a kai, to nan sai ka dubi tawada, sabuwa tana nashewa a tsohuwar takarda, kuma in rubutu ya kauce wa hujin da asu ya yi maimakon hujin ya cinye harafi to bayan hujin aka rubuta. Tsufa na gaskiya daga gefe yake farawa ya shigo ciki, in ka ga takarda ta yi ja bai ɗaya ko'ina daidai wa daida, rini ne. Ita ma jarida ana yin jabunta da hoton kwafi, sai ka shafa bayan shafin da yatsa, bugun da na dalma yakan bar ɗan tudu, na injin kwafi kuwa sumul yake yana sheƙi kuma yana ɓarewa a wurin ninki. Naira da kobo sai 1973 suka zo, duk takardar da aka ce ta girmi haka kuma ka ga naira a jikinta ka ajiye masa abinsa. Wadda aka yi wa laminatin ko aka liƙe da salatef ta riga ta mutu ko kyauta aka ba ka.

Kuma ka tambayi daga gidan wa ta fito. Littattafai da yawa da ke yawo a hannun dillalai gado ne wani ɗa ya sace daga zauren mahaifinsa ba da sanin ƴan'uwa ba, wasu ma daga ma'ajiyar gwamnati aka zare su, in ka ga wurin da aka kankare hatimi ka ja da baya. Dokar 1979 ta hukumar gidajen tarihi ta hana fitar da irin waɗannan kaya daga Najeriya ba tare da izini ba, saboda haka duk wanda ya ce zai haɗa ka da Bature ku ninka kuɗi, cikin rigima zai jefa ka.

Ranar gwanjo ka rubuta iyakar kuɗinka a takarda tun daga gida, kada ka yi tayi a kan abin da hotonsa kawai ka gani a waya sai an nuna maka gaba da baya da wurin ninki. In ka samu Gaskiyarka ka shimfiɗa ta a kwance cikin akwatin ƙarfe nesa da rana da damshin damina, ka riƙa buɗewa kana dubawa saboda gara.